Rami Biyu a Bayan Tsohuwa

Lahadi

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Inna. Ya gwiwa? Ya zaman ritaya, ko har yanzu tsofaffin ɗalibanka na kwalejin fasaha suna cika maka falo da rediyoyin da suka ƙi magana?

Na san ba ka son bayanin aikin lantarki ta tarho, shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda. Maganar Tsohuwa ce, amfilifayar jitar Baba, akwatin ƙara sautin nan, wadda ya yi shekara talatin yana kiɗa da ita kafin ya ba ni aro. Na sayi na'urar amsa-kuwwa, ƙaramin akwatin nan da ake takawa da ƙafa ya riƙa maimaita sauti. Idan na haɗa ta ta gaba, inda jita ke shiga, na ƙara murya, sai komai ya cakuɗe kamar mutum biyar suna gardama a banɗaki. Mai gangarmu ya ce ana yi wa irin wannan na'ura hanya ta baya. Ranar Asabar ƙungiyarmu za ta yi wasanta na farko a babban zaure, kuma Baba zai zo.

Sharaɗi ɗaya ya kafa min ranar da ya ba ni ita: kada ƙaninsa, wato kai, ya taɓa ta. Har yau bai manta rediyonsa da ka buɗe kuna yara ba, wanda ka rufe noti uku suka yi saura. To, ba kai za ka taɓa ba. Ni zan taɓa, kai dai ka faɗa min yadda ake yi.

'Yarka,
Auta

Litinin

Autarmu,

Na amsa gaisuwa, Inna ma ta amsa. Sau uku na karanta takardarki a tsaye, har shayina ya huce. Shekara nawa ina jiran wani a gidan nan ya tambaye ni abin da ya wuce canza ƙwan fitila.

Ki ɗauki Tsohuwa kamar gida mai ɗaki biyu. A ɗakin farko ake ba jita muryarta, da wannan 'yar kaushin da babanki yake so. A na biyu ake ba ta ƙarfi ta cika zaure. Ke yanzu kina tura amsa-kuwwa ta ƙofar gida, ɗakin farko yana murƙushe ta tare da komai. Abin da za mu yi shi ne mu buɗe ƙofa biyu a tsakanin ɗakunan: sauti ya fita ta ɗaya, ya ratsa na'urarki, ya dawo ta ɗayar. Waya guda za ki yanke, na zagaye ta da jan biro a zanen da ke ciki. Ga soket biyu a ƙunshi, da dalma mai kyau.

Yanzu ki ajiye dariya ki saurare ni. Cire filogi bai isa ba. Manyan gwangwanayen nan uku na ciki, kafasita, suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe akwatin. Ki sauke wutar yadda na zana a baya, ki auna da mita, ki sake aunawa. Duk lokacin da kike aunawa, hannu ɗaya kawai zai shiga, ɗayan yana aljihu. Haka na koya wa kowane aji, kuma duk suna nan da ransu suna damuna.

Kafin ki huda ƙarfen baya, ki rufe cikin da tsumma saboda ɓarɓashi. Game da noti ukun nan kuwa, rediyon ya yi shekara tara yana aiki ba su. Wannan ɓangaren babanki ba ya faɗa.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

Laraba

Baffa,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice. Na kashe Tsohuwa.

Duk abin da ka ce na yi. Na sauke wuta, na auna sau biyu, hannun hagu yana aljihu har ya yi gumi. Ramukan sun fito tsaf, dalmar tana ƙyalli. Na rufe, kuma ko noti ɗaya bai yi saura ba. Na ce bari in fara gwada ta ita kaɗai, ba tare da na'urar ba, in ji ko muryarta tana nan. Fitila ta kama, 'yan kwalaben lantarkin da ke cikinta suka yi ja kamar kullum, na kaɗa jita. Shiru. Na murɗa murya har ƙarshe, sai ɗan huci kawai. Na kashe nan take, ban ƙara haɗa komai ba don kada in ƙara ɓarna.

Ban iya ɓoyewa ba, na buga wa Baba na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya tambaya, "Rami nawa?" Na ce biyu. Ya ce, "Hannun wa?" Na ce nawa. Ya ce, "Bakin wa?" Bai jira amsata ba. Ya ce ba zai jira Asabar ba, yana tafe Juma'a da safe.

Me na yi ba daidai ba?

Auta

Alhamis

'Yata,

Ki share hawaye, ki ci abinci. Ba ki yi komai ba daidai ba, kuma Tsohuwa ba ta mutu ba.

Da na gama karanta takardarki na je teburina zan sake duba zanen, sai ga soket biyu a gefen gilashina suna kallona. Su ne ya kamata su zo miki. Irinsu suna da ɗan harshe a ciki wanda yake haɗa hanyar da kansa idan ba a soka komai ba. Waɗanda na ƙunsa miki na gama-gari ne, ba su da harshen. Kin yanke hanya tsakanin ɗakuna biyu, ba abin da ya haɗa su, sauti ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Shekara ashirin da shida ina rage wa ɗalibai maki a kan wannan kuskuren. Inna ta yi min dariya har da riƙe bango.

Ga gajeriyar waya mai kai biyu a ƙunshi. Ki soka kai ɗaya a ramin fita, ɗaya a na dawowa, ki kunna. Idan kin ji muryarta, ki cire wayar ki sa na'urarki a wurin. Soket na gaskiya kuma ga su, ki canza bayan wasa, da natsuwa.

Ki nuna wa Yaya, babanki, wannan takarda. Laifin nawa ne, na sa hannu.

Baffanki mai kunya

Lahadi

Baffana,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Mota ɗaya ce ta kawo Baba da ƙunshinka, ashe a kan cinyarsa ma direba ya ɗora shi, bai san na wane ne ba.

Ya shigo bai zauna ba. Ya juya Tsohuwa, ya shafa ramukan da yatsa, ya ce aƙalla a miƙe suke. Na ba shi takardarka. Ya karanta, ya koma kan "Baffanki mai kunya", ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Ya ce wannan shekara hamsin yake jiranta, gilashi zai sa mata.

Shi ya soka wayar da hannunsa. Muka jira kwalabe suka yi ɗumi, ya ɗauki jitata ya kaɗa sau ɗaya, sai ga muryar nan, da kaushinta da komai. Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka. Da na sa na'urar, ya sake kaɗawa, sautin ya tafi ya dawo garau, sau uku, kowanne a bayan ɗan'uwansa. Ya ce, "Wannan wace ƙarya ce?" Daga nan bai ba ni jitata ba sai da abinci ya huce.

Zauren ya cika jiya. A waƙar ƙarshe na hango shi a layin gaba yana taka ƙasa da ƙafar dama, daidai lokacin da nake taka na'urar. Na canza soket ɗin yau da safe, hannu ɗaya a aljihu.

'Yarka kuma ɗalibarka,
Auta

Talata

Ƙanina,

Bayan gaisuwa. Na dawo gida lafiya, na taho da Tsohuwa. Aron ya ƙare. Na'urar ma na taho da ita, yarinyar ta ce in riƙe.

Yanzu ba ta da amfilifaya, kuma suna da wasa ƙarshen wata. Ta ce za ta haɗa tata da kanta idan ka zana mata. Ka zana. Amma ka sa gilashinka kafin ka ƙunsa komai.

Notina uku kuma ina nan ina jira.

Yayanka