Babanmu Ya Zama Mai Tallar Asibitin Ƙwaƙwalwa

Adda Halima Sa'adiyya, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni 'yar Roni ce. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Baba ya daina barci, ya daina zuwa gona, ko rediyonsa ba ya kunnawa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Yayana Yakubu ne ya goya shi a babur zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Ranar na sha kuka, domin da muna yara, da wurin ake tsorata mai rashin ji, kuma mun ɗauka wanda ya shiga ba ya fitowa. Sai ga su sun dawo da la'asar, da magani a leda. Yanzu alhamdu lillahi Baba ya warware, bana har riɗi ya shuka.

Matsalar ita ce bakinsa. A majalisa, a ƙofar masallaci, har a kasuwar Gwiwa, labarin likitansa yake bayarwa. Kwanan baya da kansa ya raka maƙwabcinmu mai farfaɗiya asibitin. Ni kuma bayan sallah magabatan Musaddiƙ za su zo daga Babura neman aurena. Ina tsoron su ce akwai taɓin hankali a gidanmu. Ina so ya yi shiru, amma nauyinsa nake ji.

Ƙanwarki daga Roni

Ƙanwata, sai da na yi dariya, sannan na yi wa Baba addu'a.

Tsoronki ba shirme ba ne, har yanzu akwai masu kallon asibitin da idon da. Amma aikinsa ya faɗaɗa. Yau mai rashin barci, mai damuwa, da matashin da ƙwaya ta kama, duk suna zuwa su ga likita, da yawansu su kwana a gida. Baba baƙin cikin rashin matarsa ne ya kwantar da shi, aka yi masa magani. Ina abin kunya?

Kada ki hana shi magana, tana cikin samun sauƙinsa. Sai dai Yakubu ya tuna masa cikin ladabi kada ya riƙa ambaton sunan waɗanda yake rakawa.

Ke kuma ki faɗa wa Musaddiƙ da bakinki tun kafin magabatansa su taso. In ya fahimta, kin sami mijin da zai kai ki asibiti ranar da kike buƙata.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa a yi biki yana kan gaba.