Fitilun da Inna ta gani a Tenere

Daren Laraba, Treichville

Yau Inna ta yi magana. Tun rasuwar Baba ba ta wuce "to" da "a'a".

Da rana a tashar Adjamé wani direban Agadas ya tura mini bidiyon wasu fitilu suna yawo cikin duhun hamadar Tenere, ba mota, ba gari. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce Allah ne masani. Ɗiyata Hadiza ta ce tauraron ɗan Adam ne kawai.

Muna cikin gardama Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Na san su," in ji ta. "Ina da cikinki motarmu ta mutu a hamada. Suka zo suka tsaya nesa da mu. Fasinjoji na ta salati, wai aljanu ne. Babanku ya lulluɓe ni da rawaninsa yana cewa kada in ji tsoro, alhali shi ne jikinsa ke ɓari."

Sai ta yi dariya har da hawaye. Daga nan na bar bincike. Ta ce in ɗumama mata tuwo, ta cinye shi tas. Alhamdulillahi.