Sunayen Gwashi

Bukkuyum, daren Laraba, Maris 2009

Yau shafin intanet ɗin da nake kula da shi a ofis ya yi aiki. Kwana huɗu sunayen waɗanda sanƙarau ya kashe suna fitowa a cakuɗe. Da la'asar na gyara, kowane ƙauye ya fito da mutanensa a ƙarƙashinsa.

Shugabanmu a ofishin lafiya ya leƙo ya ce, "Madalla, haka ake so."

Na gangara cikin jerin sunayen zuwa Gwashi, garinmu. Ta bakwai Hadiza ce, 'yar yayata da muka binne makon jiya. Na duba ko na rubuta sunanta daidai. Daidai yake.

A gida Inna ta ce, "Yaya aikin?"

Na ce, "Ya yi kyau, Inna."

Na cinye tuwona tas, ban san ko miyar mece ce ba.