Ni Na Ce Mata Allah Ya Ce Mijinta Ya Tafi Gona

Salama a gare ku, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana. Ni Kirista ce, na kuma san yawancinku Musulmi ne, shi ya sa ma na zaɓe ku, don babu wanda zai gane ni a cikinku ranar Lahadi. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, in ya so daga baya ku zage ni, na cancanta.

Shekarata hamsin da bakwai, tsohuwar malamar firamare ce, a Batsari nake zaune. Majami'armu ƙarama ce, ko ranar Kirsimeti benci takwas ke ɗauke mu, kuma ni ce uwar zumuntar mata shekara goma sha huɗu ke nan. Muna da wata al'ada da matar wani tsohon fasto ta bar mana. Duk Laraba da safe mukan taru a karanta Littafi Mai Tsarki, sai kowace ta rufe ido a yi shiru, a saurari abin da Ubangiji zai faɗa wa zuciya. Ƙa'idar ita ce, wadda ta ji wani abu ba za ta yi aiki da shi ba sai ta kawo wa uwar zumunta, ita kuma ta yi addu'a a kai, washegari ta ce mata i daga Allah ne, ko a'a. To ga abin da har maigidana ya rasu bai sani ba: ni ban taɓa jin komai ba. Ko sau ɗaya. Da kiran sallar asuba na masallacin unguwarmu nake tashi, in durƙusa a tabarma, in karanta babi biyu, in yi shiru har gwiwoyina su yi tsami, abin da nake ji dai zakaran maƙwabta ne da ƙugin cikina. Amma na iya magana, na haddace ayoyi, na kuma san abin da kowace mace take so a gaya mata. Da wannan na riƙe kujerata duk shekarun nan.

Bara 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye ta wajen Ruma, wata mata da zan kira Rifkatu ta zo da mijinta Ishaku da 'ya'yansu uku, babbarsu Talatu, aka ba su ɗaki a bayan majami'a. Ba ta iya karatu ba, littafin waƙa ma a juye take riƙe shi, ƙafarta duk faso. Amma in aka gama shirun Laraba ta buɗe ido, sai ka ga fuskarta kamar wadda ta ci ta ƙoshi. Ba ta da dogon wa'azi irin nawa. Sai dai ta ce, "Ya ce mani in je in gaida Saratu," a je a tarar Saratu kwana biyu tana kuka a ɗaki ba wanda ya sani. Sannu a hankali mata suka fara ratsewa ƙofarta. Wata rana ina wanke hannu a bayan majami'a na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, "In addu'ar gaske kike so, je wurin Rifkatu." Ta gaske! Tawa fa, ta wasa ce? Ni da na tsufa a durƙushe ba a ce mini uffan ba, sai wannan da ko sunanta ba ta iya rubutawa? Wallahi tun daga ranar, in ta yi murmushi sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji.

Da damina Ishaku ya riƙa zagawa ƙauyen a babur, ya shuka gero da dawa. Da gero ya isa girbi, wata Laraba bayan an watse, Rifkatu ta biyo ni gida ta durƙusa. Ta ce, "Mama, na ji wani abu, ban so in hwaɗa gaban mutane ba. Ya ce mani kada baban Talatu shi tahi gona satin ga. Sau ukku ina jin haka. Shi kuwa ya ce tsuntsaye na cinye geron, amma in Mama ta ce shi dakata, ya haƙura." Na ce ta dawo gobe. Kun ɗauka na yi addu'a a kai? Ban yi ba. Wake na zauna na tsince, ina ta juya abin a raina, ina cewa ga ranar da zan nuna wa matan nan wace ce uwa a zumunta. Da safe ta dawo, na gyara murya na ce, "Rifkatu, na kai maganarki gaban Ubangiji. Wannan murya ba tasa ba ce, tsoro ne ya yi miki shigar burtu. Ubangiji ya ce mijinki ya tafi ya ɗebo abincin 'ya'yansa." Ta ɗago kai ta ce, "Mama, kin tabbata?" Na ce, "Ke yaushe kika fara zama a gabansa? Ni tun kina goye nake durƙusawa." Ta sunkuya ta ce in yi haƙuri. Ita ce ta ba ni haƙuri, jama'a.

Ban so ya mutu ba, Allah ne shaidata. So nake ta yi kuskure sau ɗaya kawai, ya je ya dawo da dammunansa lafiya, in tsaya ranar Laraba in yi darasi a kan masu ɗaukar tsoro a matsayin muryar Allah. Har kalmomin da zan faɗa na shirya. Ranar Juma'a da hantsi ya tafi. Bayan la'asar maƙwabtansa na gona, Musulmi biyu da suka taso tare, suka kawo shi a babur nannaɗe cikin tabarma. A cikin geron aka harbe shi, ya ɗaure dami huɗu.

Da a nan laifina ya tsaya, da wataƙila na samu bakin roƙon gafara. Rana ta uku ta zaman makoki, mata cike da tsakar gida, Rifkatu ta dube ni, babu fushi babu tsawa, ta ce, "Mama, kin ce Ya ce shi tahi." Idanu duka suka dawo kaina. Nan ne ya kamata in faɗi ƙasa in ce ƙarya na yi. Me ya hana ni? Kunyar mata goma sha biyu. Sai na kama hannunta, na sassauta murya irin ta masu ta'aziyya, na ce, "'Yata, gaya mini gaskiya. Lokacin da ya hau babur, da zuciya ɗaya kika sallame shi, ko akwai shakka?" Ta ce, "Akwai, Mama. Gabana na ta hwaɗuwa." Na ce, "To kin gani. Allah ya yi magana, ya shimfiɗa kariyarsa, ke kuma kika ƙi ba da gaskiya. Shakka tana yaye kariya." Na ga matan suna gyaɗa kai suna cewa haka ne. Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Ashe ni na kashe shi." Ni kuwa na shafa bayanta, na ɗauko waƙa, suka amsa.

Wata biyu ke nan. Yanzu a bencin ƙarshe take zama, in an yi shiru idonta a buɗe, tana kallon bango. Babu mai ratsewa ƙofarta, duk sun dawo wurina, har akwai masu hana 'ya'yansu cin abin hannunta wai bangaskiyarta da rauni. Kullum da safe takan zo ta share mini tsakar gida ba tare da na sa ta ba. Kun san abin da ya fi muni? Makon farko da suka dawo wurina daɗi na ji. Na faɗa, don na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Wace irin mace ce ni?

Jiya ta jingine tsintsiya ta durƙusa a daidai inda ta durƙusa wancan karon. Dawar da Ishaku ya shuka ta nuna, abincin da majami'a ke taimaka musu da shi ya ƙare, wasu matan ƙauyensu za su je yanka ranar Alhamis. Ta ce, "Mama, ki saurara mani. In tahi ko kada in tahi? Abin da kika ce shi zan yi, wannan karon ba ni shakka ko kaɗan." Na ce, "Ke me kika ji?" Ta girgiza kai ta ce, "Ina jin wani abu, Mama, kullum sai ya zo. Amma ai kin gaya mani ba shi ba ne. In ya zo sai in tashi in kama aiki har shi wuce." Na matsa mata ta faɗa mini ko mene ne, ta ce Allah ya kiyaye ta sake sa bakinta a abin da ya fi ƙarfinta, rai ɗaya ya ishe ta ɗauka. Na ce ta ba ni zuwa Laraba.

Yau tun asuba nake durƙushe, na yi kuka, na roƙa, na ce ko ba don ni ba, don marayun nan uku a ce mini kalma ɗaya. Zakara kawai na ji. In na ce ta tafi, ina iya tura ta inda na tura mijinta. In na ce ta zauna, wata ƙaryar na sake ɗora wa Allah, 'ya'yanta kuma da yunwa. Mutum ɗaya ce a garin nan da na yarda ana yi wa magana, ni kuma na toshe mata kunne da hannuna, kuma ba abin da zai buɗe shi sai in gaya mata cewa ita ce ta ji daidai, ni ce na kashe mata miji. Na san wannan ita ce hanya, kada ku ɗauka ban sani ba. Amma ko yanzu da nake rubutun nan, abin da ke yawo a kaina shi ne irin kallon da matan zumunta za su yi mini.

Jibi Laraba, za ta zo karɓar amsa, da tsintsiyarta a hannu. Me zan yi?