Abin da Ya Raba Ƙaninki da Karanta Labarai

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da duk wanda ke zaune a inuwarku. Yaya ƙafar taki? An ce mana tun da kika zame a bakin famfo ba ki koma tafiya sosai ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu ma nan mun gode Allah. Babban namu ya shiga ajin ƙarshe, ya yi tsawo har ya fara zura takalman ubansa ba tare da ya tambaya ba. Ta tsakiya tana nan da surutunta, Auta kuwa ta fara haɗa baƙi, duk allon shagon da muka wuce sai ta tsayar da mu ta karanta shi.

Saƙonki ya iso ta hannun direban da kika saba ba wa. Na ga yadin da kika saya mini, na gode, Allah ya saka da alheri. Na ga ledar alawar yara, na kuma ga kwalabe biyu na baƙin garin nan na goge haƙori, ɗaya kin ɗaure wuyanta da jan zare, direban ya ce wai ta yara ce. A makon ne kuma Gwaggo ta zo mana yini, tana taya ni ninke wanki ta gaya mini abin da kika faɗa mata a waya: wai hassadar abokan aiki ce ta sa aka cire ƙaninki daga karanta labarai a gidan rediyo, wai kuma da yana da matar da ke kula da shi da bai rame ya lalace haka ba. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. In na kira ki, kunya za ta ɗaure mini baki, don ke kika goye shi bayan rasuwar mahaifiyarku, matsayin uwa kike da shi a wurinsa, kuma haka na ɗauke ki tun ranar da na shigo gidanku. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Tun ina goyon Auta na fara ganin jini a kwamin wanke fuska duk safiya in ya goge baki. Da na yi masa magana sai ya ce buroshin ne ya yi ƙarfi. Na canza masa buroshi, jinin bai tsaya ba, dasashinsa ya yi ja ya kumbura. Na ce mu je a duba, ga likitar haƙori nan a bayan makarantar yara, ko mota ba sai mun hau ba. Ya ce bari ya ji ta bakinki tukuna. Ina tsaye a ƙofar kicin lokacin da ya kira ki, kuma ya ƙara sautin wayar, don haka da kunnena na ji. Kika ce masa mataccen jini ne ke fita, alamar lafiya ce. Kika ce mahaifinku har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe wa wani likita baki ba, kuma da haƙoransa cif aka binne shi. Kika ce likitocin nan ba su san komai ba sai cirewa, wanda ya shiga da ciwo ɗaya da giɓi uku yake fitowa. Sannan kika ce ya bar miki, akwai wata mata a layinku mai haɗa gari, za ki aiko. Ya ajiye waya ya dube ni yana murmushi, kamar wanda ya ci shari'a.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko garin ya burge shi. Yakan dangwala buroshi a ciki ya yi ta dirza kamar mai kankare tukunya, yana tofar da baƙi gauraye da ja, kuma haƙoran suka yi haske na ɗan lokaci. Ni da na murza shi tsakanin yatsuna sai na ji kamar yashi. Na sake cewa mu je asibiti, ya ce in bar shi ya gama kwalba ɗaya. Ya gama, kika aiko da wata. Wurin da ya fi zafi kuwa sai ya daina kai buroshi can gaba ɗaya, yana kewaye shi. Ga shi kin san aikinsa: kafin ya shiga sutudiyo shayi mai sukari, ya fito wani shayin, sannan kullum akwai alawar gyaran maƙogwaro a kuncinsa, wai don murya ta yi santsi. Aljihunsa in zan yi wanki bawon alawar nan nake kwasowa cike da hannu. In ya dawo daga aikin yamma a gajiye, ko kurkure baki ba ya yi, sai kwanciya. Duk lokacin da na ɗaga maganar, amsar ɗaya ce: Yaya ta ce ba komai. Wata rana har ya ce mini ke kika raine shi tun ba shi da haƙori ko ɗaya, don haka ba ni zan koya miki haƙoransa ba.

Sai wari ya biyo baya. Yaya, ke ba ki zauna kusa da shi ba, a waya kike jin sa, kuma waya ba ta kawo wari. Ni ce nake kwana da shi a ɗaki ɗaya. Matar da suke karanta labarai tare ta fara jan kujerarta baya tana kawar da fuska, a ɗan ƙaramin ɗakin da ko taga babu. Wani abokin aikinsa ya riƙa ajiye masa cingam a kan tebur. Abin da ya fi ƙona shi, ranar da ya ɗauki Auta yana yi mata wasa, ta toshe hanci da tafin hannu ta ce bakin Baba yana wari, a sauke ta. Yarinya ce, ba ta san ta yi wani abu ba. Ya sauke ta a hankali ya shige ɗaki. Daga ranar in zai yi wa yara magana sai ya juya kai gefe.

Daga nan haƙoran gaba suka fara girgiɗi. Dasashin ya janye, suka yi tsawo, suka buɗe, mutumin da bai taɓa yin wushirya ba sai ga ta ta fito masa da girmansa. Iska ta fara bi ta tsakani. Kin san muryarsa, kin san yadda direbobi ke ƙara sauti in ya fara, yadda masu shago ke cewa in ba shi ya karanta ba kamar ba a yi labarai ba. To wannan muryar ce ta koma duk kalmar da ke da sa ko sha sai ta fito da fito. Ina kicin ina jin sa da safe, yana cewa shugaba, yana cewa sanarwa, ina jin siririn fiton nan yana bin kowace kalma. A shirin da masu sauraro ke bugo waya wani ya tambaya ko tsuntsu ne ya shiga sutudiyo. Aka yi dariya. Kafin wata ya ƙare yaran layinmu sun raɗa masa Mai Fito, babban namu har dambe ya yi a makaranta a kan sunan, ya dawo da yagaggiyar riga.

Ranar da abin ya ƙare, yana tsakiyar labaran safe haƙorin ƙasa ɗaya ya kwanta a bakinsa. Na ji ya yi shiru, na ji takarda tana motsi, sai matar nan ta karɓe ta ƙarasa. Ya dawo gida kafin azahar da hankici a baki, ya zauna a bakin gado da takalmansa. Ya ce shugaban sashensu ya kira shi ofis, ya yi masa magana cikin mutunci, ya ce ya je ya nemi lafiya, kafin nan ya koma ɗakin ajiyar tsofaffin shirye-shirye. Can yake yanzu, a ƙarshen baranda kusa da ɗakin janareta, yana kakkaɓe ƙura yana jera faya-fayai, da yawansu muryarsa ce a ciki. Babu wanda ya yi masa hassada, Yaya. Abokan aikin da kike zargi su ne suka yi ta rufa masa asiri tsawon lokaci.

A ranar ce ya yarda muka je wurin likitar. Ta ɗauki hoton muƙamuƙinsa ta nuna mana. Ta ce dattin da ke taruwa a gindin haƙori ne ya daskare ya zama kamar dutse, ya ci dasashi, ya gangara ya cinye ƙashin da ke riƙe da saiwoyin. Ta ce jinin nan da ya yi shekaru yana gani shi ne ƙararrawar, kuma da ya zo tun lokacin, wankewa kawai za ta yi masa ta koya masa yadda ake gogewa, ya tafi da haƙoransa. Na fito da kwalbar daga jakata na miƙa mata. Ta shafa garin a bayan hannunta, ta ce ba shi ya kawo ciwon ba, amma ya kankare farin ɓawon da ke kare haƙori, ya ƙara yayyaga dasashin da dama ciwo ne da shi, kuma babbar ɓarnarsa ita ce ya sa mutum ya zauna a gida yana ganin magani yake yi. Ta ce ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. An cire na gaba na ƙasa duka, da biyu a sama. Ramar da aka ba ki labari daga nan take: mutum ne da ba ya iya tauna nama, burodi ma sai ya jiƙa shi a shayi. Ni nake dama masa abin da zai iya haɗiya, ni nake dafa komai har ya yi lugub. Wannan ita ce matar da ba ta kula da shi.

Ban ce laifin naki ne ke kaɗai ba. Babba ne, da hankalinsa, ya yi karatu, shi ke karanta wa jama'a sanarwar lafiya da bakinsa. Amma kin san maganarki ɗaya ta fi tawa ɗari nauyi a wurinsa, kuma kin yi amfani da nauyin nan a kan abin da ba ki da sani a kai. Har yau bai yarda a ambaci sunanki a cikin zancen ba. Ya ce don ƙauna kika yi. Na sani. Ni ma don ƙauna na yi ta magana, tawa ce dai ba a saurara ba.

Yanzu gidan nan ya canza. Kowa da buroshinsa mai laushi da man goge baki na kanti, safe da kuma kafin kwanciya, kuma shi da kansa yake tsayawa a kan yara. Yana nuna musu su karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, su bi a hankali ciki da waje, ban da dirza, su tofar kada su bi da ruwa su wanke man. Ya sayo zaren nan da ake zurawa tsakanin haƙora, ya hana sakace da tsinken ashana. Shayi sukari kaɗan, alawa kuwa sai dai bayan abinci, ba a yini ana tsotsa. In kika gan shi durƙushe gaban Auta yana koya mata da bakin da ba haƙoran gaba, sai kin kawar da kai. Kwanakin baya ta tsakiya ta tofar da jini, ko karyawa bai bari ta yi ba ya kama hannunta sai wurin likitar. Aka wanke mata, aka nuna mata inda take tsallakewa, bayan ɗan lokaci jini ya ɗauke, dasashi ya koma yadda yake. Shi ke nan, Yaya. Iyakar abin ke nan. Haka shi ma ya faɗa mini da suka dawo.

Don haka kwalaben nan biyu na ba direba ya mayar miki, ba don raini ba. Ba za su taɓa bakin 'ya'yana ba. In hali ya yi, ki gaya wa matar da ke haɗawa abin da na rubuta miki, ko akwai wani gidan da ake zaune ana jira jini ya tsaya da kansa. Alawar na raba wa yaran maƙwabta kaɗan kaɗan, na ajiye wa namu rabonsu. Yadin kuwa zan ɗinka, zan kuma sa.

Likitar ta ce in dasashin ya gama warkewa za a auna masa haƙoran roba, kuma da yawa suna komawa magana daidai in sun saba. Ko za a mayar da shi kan labarai, wannan ba wanda ya yi mana alkawari. An riga an sa wani a kujerar, kuma jama'a sun fara sabawa da shi. Da yamma yakan shiga mota a ƙofar gida ya ɗaga gilashi, ya buɗe jarida yana karantawa da ƙarfi shi kaɗai, yana neman yadda harshe zai zauna. Na hana yara zuwa wurin.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Na san kina cewa ya daina ɗaukar wayarki sai dai ya turo rubutu. Ba fushi yake yi ba, kuma ba ni na hana shi ba. Ba ya so ki ji yadda maganarsa ta koma. Ki ci gaba da kira har ya ɗauka. In ya ɗauka, kada ki tambaye shi me ya sami bakinsa, kada ki ce kin san wani mai magani. Ki bar shi ya yi magana har ya gama, ko da ba ki gane rabinta ba.

Ki gaishe mini da maigidan, da babbar 'yarki da mijinta da jaririnsu, da 'yan biyu, da Baffa in ya leƙo, da maƙwabciyarki mai ɗinki da ta karɓe mu hannu bibbiyu wancan zuwan. Yara suna gaishe ki. Ƙaninki bai san na rubuta ba, amma yau zan gaya masa da bakina. Allah ya ba ki lafiya, ya bar zumunci.

Wassalam,
Matar ƙaninki.