Kibiyoyin da suka maƙale a kwamfutar Anti Mujidat

Litinin, 3 ga Yuni

Oga Lateef, mai shagon ɗab'in da nake aiki, ya ce daga yau ni zan zauna a kwamfutar Anti Mujidat. Kwana talatin da huɗu da rasuwarta, ba wanda ya kunna ta. Duk unguwar Mokola an san yayar tawa da haɗa fosta, ni ko stepla kawai na iya da danna waya. Aikina na farko: fostar addu'ar arba'in ɗinta. Maami, mahaifiyarmu, ta ce bare ba zai taɓa fuskar 'yarta ba.

Na ja maus, kibiyar ta tafi, amma ta bar wata a baya. Na sake ja, ta bar wata. Kafin azahar kibiya bakwai a allo, duk tsaye cik.

Talata, 4 ga Yuni

Na yi sikirinshot in sa a status. Babu kibiya ko ɗaya a ciki! Fes. Na ɗauka da waya, ga su nan reras. Ban saka ba.

Hotuna biyu na buɗe: wanda take ita kaɗai da ɗaurin gele a ka, da wanda muke tare ranar bikin Kafayat. Na je sayen amala na dawo, sai ga kibiya a kan namu, daidai ƙirjina. Wallahi ban tuna na bi ta nan ba.

Maganarmu ta ƙarshe faɗa ce, a kan caja. Na ce mata ta fita harkata. Ranar da yamma tirela ta bi ta kan okadar da ta hau. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Da Oga ya fita, na matso da bakina kusa da allo: "Anti mi, in kin yafe min ki nuna dama." Na rufe ido. Na buɗe, ba dama ba hagu. Sabuwa ɗaya dai a tsakiya. Wataƙila gwiwar hannuna ce ta taɓa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Boda Wasiu mai gyara ya zo. Dariya har da riƙe ciki.

"Rofiat, aljanun naki duk girmansu ɗaya? Direban hoto, wato manhajar da ke zana allo, shi ne ya tsufa. Allon ba ya sake zana kansa gaba ɗaya, sai wurin da yake zaton ya canza. In ya manta ya share bayan kibiya, sawunta ya zauna. Kamar shararki, tsakiyar ɗaki kawai."

Na ce to wadda ta fito ba na nan fa?

"Teburin nan rawa yake in injin bugu ya tashi."

Ranar Talata injin bai tashi ba. Babu wuta, kwamfutar kaɗai ke kan ƙaramin janareta.

Na ce, "Boda, don Allah bari sai bayan addu'ar ran Lahadi." Oga ya ce kwastomomi sun fara tsorata, wata mata har ta tofa addu'a ta kwashe aikinta. Minti goma Boda ya gama sa sabon direba. Allo fes.

Ban ci abinci ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Fosta ta fito. Hotonmu na ɗauka, na yanke kaina daga ciki. Yatsuna huɗu sun rage a kafaɗarta. Maami ta daɗe tana kallo, ta ce, "Bar su."

Talata, 11 ga Yuni

An yi addu'a lafiya, jama'a har titi.

Yau da safe na nemo bidiyon yadda ake mayar da tsohon direba, na bi shi daki-daki. Ya koma. Kibiyoyi suka dawo. Na naɗe hannu awa guda ina jira, kan teburi ko numfashi ban yi ba. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Kowacce a inda ni na bi take. Duk nawa ne.

Na dai faɗa mata abin da zan faɗa, da ƙarfi, ban nemi ta nuna komai ba.

Na kira Boda Wasiu ya mayar da sabon. Ya ce wa ya taɓa? Na ce oho.

Akwai katin suna guda biyu da ake jira kafin la'asar.