Kun Ce Jininsa Ya Yi Yawa, Shi Kuma Ya Nufi Wanzami

Zuwa ga Shugaban asibitin da ya auna jinin mahaifina a Gusau,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ban kama sunan asibitinka ba don ba tozarci ya kawo ni ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Sunana Sanusi, ina gyaran babur a Tudun Wada. Boko ban yi nisa ba, sauran karatuna a waya da tsofaffin littattafai na tsince shi. Mahaifina, Malam Haruna, manomi ne a Bilbis. Wata biyu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Sallah ya zo wurinku da jiri da ciwon ƙeya. Aka ɗebi jini, washegari aka miƙo masa takarda ta taga. Da ya tambayi abin da ke ciki, ma'aikacinku ya ce jininsa ya yi yawa, ya kira na gaba. Shi ke nan fa. Mai tallan maganin ɓera a tasha ya fi haka bayani.

Na biyu, kuma nan zuciyata ke tafasa. A garinmu, wanda jini ya yi wa yawa ya san inda zai nufa: wurin wanzami. Baba bai yi wa asibiti gardama ba, biyayya ya yi. Sau uku ana kafa masa ƙaho a ƙeya, yana ganin baƙin jini na fita yana hamdala wai an rage. Takardar kuwa ya ninke ta ya cusa cikin hula kamar laya. Wata biyar tana bisa kansa, daidai inda cutar za ta sauka, har ranar da ya faɗi a gona yana girbin gero.

Na uku. Ni na ciro ta daga hular, a bakin gadonsa. Na zauna da waya ina binta layi layi. Sukari ya haura. Kitsen jini ya haura. Jinin ma ya yi kauri. Kowane layi injinku ya sa masa alama a gefe. Wato ƙarfe ya yi magana, mutum ne ya yi shiru. Likitar da ta karɓe mu bayan ya faɗi ta ce irin waɗannan alamu kan nuna wanda ke cikin haɗarin shanyewar jiki tun bai faɗi ba, kuma yawan sukari kan tsananta ciwon idan ya zo. In bakanike ya gane wannan a wuni guda, me ya hana mai farar riga?

Kar wani ya karanta mini ƙaddara, na san ta. Na san kuma ma'aikatanku kaɗan ne, layi dogo. Ban ce da an yi masa bayani lallai da bai faɗi ba. Amma ko damar gwadawa ba a ba shi ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: kar a sake miƙa wa mutum irin wannan takarda ta taga a sallame shi bai ga likita ba. A yi masa bayani da Hausar da zai kai gida. A faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa ƙaho ba ya fitar da sukari ko kitse.

Ina gaggawa ne saboda Inna, mahaifiyata, ita ma ta fara jiri. Wanzamin har ya aiko yana tambayar ranar da zai zo. Baba, da hannun da ya rage masa, nuna mata tabon ƙeyarsa yake yana gyaɗa kai, don har yau yana ganin maganar likita ya bi. Ranar Litinin zan kawo ta wannan tagar, kuma ba zan matsa ba sai an karanta mana kowane layi.

Allah ya yi maka jagora, ya raba ka da ciwon da ake kwance ana kallon mutane ba a iya kiran sunansu.

Wassalam.

Sanusi Haruna,
Tudun Wada, Gusau.